Me ya sa muke tsayawa a kundi ɗaya ko biyu na mawaƙin da muke ƙauna?

Mai Garmaho:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da tara waƙoƙi, kuma ina kyautata zaton ba ni kaɗai yake damu ba. Mawaƙan da na fi jin daɗin aikinsu, waɗanda su zan fara ambata idan aka tambaye ni gwanayena, yawancinsu kundi ɗaya ko biyu kacal na mallaka daga cikin ayyukansu. Kundin da Miles Davis, mai busa ƙaho ɗan Amurka, ya fitar a 1959, wato Kind of Blue, na saurare shi har na haddace inda kowane mai busa yake shiga da inda yake tsayawa ya numfasa, amma ban taɓa neman wani kundin nasa ba, alhali mutumin ya shafe fiye da shekara 40 yana fitar da aiki. Haka ma Ali Farka Toure na ƙasar Mali: kundinsa na 1994, Talking Timbuktu, shi kaɗai ne a hannuna.

Ba kuɗi ne ya hana ni ba, kuma ba wahalar samu ba ce, domin a yau babu abin da ya fi neman waƙa sauƙi. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, akwai mawaƙan da ƙaunar da nake yi musu ba ta kai rabin wannan ba, amma kundayensu sun taru a wurina da yawa. A hankalce, wanda ya ji daɗin abu zai koma inda ya samo shi ya nemi ƙari. To me ya sa a nan ba a komawa? Shin mawaƙin muke so, ko kuwa wani abu dabam ne muke so muna laƙaba masa sunan mawaƙin?

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Garmaho. Ina ganin akwai bayanin da ilimin ƙididdiga zai iya bayarwa, ko da bai warware matsalar gaba ɗaya ba. Kundin da ya iso gare ka bai iso bisa tsautsayi ba. Daga cikin ayyukan mawaƙi masu yawa, wanda ya tsallaka ƙasashe da shekaru har ya shiga kunnenka shi ne wanda gidajen rediyo suka fi sakawa, masu sharhi suka fi yabawa, abokai suka fi nuna wa juna. Wato tun kafin ka ji shi an riga an tace, an zaɓo maka mafi fice.

A 1886 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya auna tsayin iyaye da na 'ya'yansu, ya lura cewa iyayen da suka yi tsayi ƙwarai sukan haifi 'ya'ya dogaye, amma a jimlace ba su kai iyayen ba, sun ɗan karkato zuwa matsakaicin tsayin jama'a. Wannan ƙa'ida ta komawa ga matsakaici tana aiki a duk inda sakamako ya haɗa gwaninta da dace. Kundin da ya yi zarra ya haɗa gwanintar mawaƙin da wasu abubuwa da suka zo daidai a lokaci guda, kuma gwanintar tana nan a kundi na gaba, amma dacen ba lallai ne ya maimaitu ba. Saboda haka idan ka fara da mafi kyau, duk wanda ka ɗauka bayansa akwai yiwuwar ya kasa shi, ko da shi ma mai kyau ne a karan kansa.

Mai sauraro yana gane wannan ko bai san sunan ƙa'idar ba. Ya taɓa gwadawa da wani mawaƙin, ya ji na biyu bai kai na farko ba, sai ya daina. Su kuwa mawaƙan da ka ce ka tara nasu da yawa, ina zaton ka shiga aikinsu ne ta kundi matsakaici, don haka na gaba bai ba ka kunya ba, kuma kana ci gaba da saye kana tsammanin fitaccen yana gaba.

Uwar Biyu:

Malam, bayaninka yana da ma'ana, amma ya ɗauka cewa mun gwada na biyu mun auna shi, alhali Malam Mai Garmaho ya ce bai ma nema ba. Ni ma haka nake, kuma na san dalilina bai shafi inganci ba. Kundin da nake riƙe da shi na same shi ne a wani lokaci na rayuwata da zuciyata take buɗe, ina da lokacin zama in saurari abu daga farko har ƙarshe, in sake juyo shi. Waƙoƙin sun cuɗanya da wannan lokacin da mutanen da ke cikinsa, har ba na iya raba su. Sauran kundayen mawaƙin ba su zauna tare da ni a wannan zamanin ba, don haka baƙi ne a wurina duk da cewa muryar ɗaya ce.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan aka tambayi dattawa abubuwan da suka fi tunawa, mafi yawa suna fitowa ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu. Haka kuma tun 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yana ƙara wa mutum sonsa. Idan aka haɗa waɗannan biyu, ba abin mamaki ba ne kundin da aka saurara a ƙuruciya, aka kuma maimaita shi ba adadi, ya samu matsayin da sabon kundi ba zai samu a zama ɗaya ko biyu ba. Gasar ba ta adalci ba ce tun farko, domin ɗaya yana da shekaru a bayansa, ɗayan kuwa minti 40 kawai aka ba shi ya kare kansa.

Mai Jita:

Ina neman izinin manya in sa baki a matsayina na wanda yake kaɗa jita kuma ya ɗan san yadda ake aiki a ɗakin ɗaukar sauti. Tambayar ƙarshe da Yaya Mai Garmaho ya yi ita ce ainihin maganar. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a bangon kundi na mutum ɗaya ne, amma sautin da ke ciki na jama'a ne, kuma jama'ar ba su cika sake haɗuwa ba.

A ɗauki misalin da ya kawo. An ɗauki Kind of Blue ne a zama biyu kawai, ɗaya a watan Maris ɗaya a watan Afrilu na 1959, a birnin New York. Tare da Miles Davis akwai John Coltrane da Cannonball Adderley a busa, da Bill Evans a fiyano, da Paul Chambers da Jimmy Cobb suna riƙe da ƙasan kiɗan. Bill Evans ma ya riga ya bar ƙungiyar tun ƙarshen 1958, dawowa ya yi domin wannan aikin. Adderley ya tafi a cikin wannan shekarar ta 1959, Coltrane ya bi bayansa a 1960. Wato taron da ya haifar da wannan sautin ya watse ba da jimawa ba, kuma shi Miles ɗin mutum ne da ba ya son komawa kan abin da ya riga ya yi. Zuwa 1970, lokacin da ya fitar da Bitches Brew, ya koma kayan kiɗa na lantarki da wani salo dabam ƙwarai. Wanda ya sayi wannan yana neman natsuwar wancan zai ga kamar an yi masa musanya.

Haka abin yake ga Michael Jackson. Kundaye 3 ya yi da Quincy Jones a matsayin mai tsara sauti, wato Off the Wall a 1979, da Thriller a 1982, da Bad a 1987, kuma da ya zo Dangerous a 1991 ya koma aiki da Teddy Riley da wasu. Akwai mutane da yawa da suka tsaya a waɗancan ukun suna cewa mawaƙin ya canza, alhali babban abin da ya canza shi ne kunnen da ke yanke hukunci a ɗakin ɗaukar sauti. Shi ma Talking Timbuktu aikin haɗin gwiwa ne da Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka, an kuma ɗauke shi a Amurka, yayin da kundin Niafunke na 1999 aka ɗauke shi a garin Ali Farka Toure a Mali tare da makaɗansa na gida, kuma duk mai kunne zai ji bambancin iskar da ke cikin biyun.

Saboda haka shawarata ga wanda yake son ya faɗaɗa ita ce ya juya bayan kundin ya karanta ƙananan sunayen. Mai yiwuwa abin da yake ƙauna hannun mai fiyano ne, ko tsarin mai haɗa sauti, sai ya bi wannan mutumin zuwa inda ya tafi. Idan kuma dole sai sunan da ke gaba, to ya ɗauki kundin da ya fi kusa a shekara, kamar Milestones na 1958, inda Coltrane da Adderley da Chambers duk suke ciki.

Ɗalibar Tarihi:

Duk bayanan da aka kawo suna ba mai sauraro uzuri, ni kuma ina so in yi magana a madadin mawaƙin, domin ina ganin akwai haƙƙinsa da ake tauyewa. Sau da yawa kundi ɗayan da mutane suka mallaka ba mawaƙin ne ya tsara shi ba, kamfani ne ya tsinto waƙoƙi daga nan da can ya haɗa domin kasuwa. Babban misali shi ne Legend na Bob Marley, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara 3 bayan rasuwarsa a 1981. Miliyoyin gidaje a duniya wannan kaɗai suke da shi, kuma daga gare shi suka gina siffar mutumin a zukatansu: mai waƙar soyayya da zaman lafiya da kwantar da hankali.

Amma a 1979 Bob Marley ya fitar da Survival, kundin da bangonsa yake cike da tutocin ƙasashen Afirka, wanda yake magana kai tsaye a kan mulkin mallaka da haɗin kan baƙar fata, kuma saboda irin wannan tsayuwa tasa ne ya yi wasa a bikin samun 'yancin Zimbabuwe a watan Afrilun 1980. Babu waƙa ko ɗaya daga Survival a cikin Legend. Wanda ya tsaya a wannan tarin bai ji ƙarya ba, amma an ɓoye masa ɓangaren da mawaƙin ya fi sadaukar da kansa a kai, kuma wanda ya yi zaɓen ya yi shi ne da tunanin abin da zai fi saurin sayuwa.

Ba na cewa wajibi ne kowa ya tara duk abin da mawaƙi ya fitar. Abin da nake cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin jin daɗi da yanke hukunci. Mai kundi ɗaya yana da cikakken 'yancin ya ji daɗin abinsa har ƙarshen rayuwarsa, amma idan ya buɗe baki ya ce mawaƙi wane ai kaza ne, ko ai bayan wannan aikin bai sake yin abin kirki ba, to ya shiga hurumin da bai yi masa tanadi ba.

Mai Garmaho:

Malama, wannan magana taki ta shige ni, kuma na yarda da rarrabewar da kika yi. Sai dai ina so a lura cewa kundayen da na ambata ba tarin kamfani ba ne, ayyuka ne da masu su suka tsara da kansu daga farko har ƙarshe. Ina ganin wanda ya zauna da cikakken aiki guda ɗaya na tsawon shekaru ya san wani abu game da mawaƙin wanda mai tsallake-tsallake a kan kundaye 20 bai sani ba. Bayanin Malam Mai Jita shi ya fi kusa da abin da nake ji a raina, domin idan na tambayi kaina da gaske, sanyin fiyanon nan ne yake fara zuwa mini kafin busar.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, kun yi magana mai amfani. Zan ƙara abu ɗaya wanda shekaru suka nuna mini, wato shi kansa kundin da kuke ƙirgawa ba tare da waƙa aka halicce shi ba. Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowace fuska, don haka waƙa ɗaiɗai ake saye. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti 20 a fuska ɗaya, daga nan ne tunanin jera waƙoƙi su zama aiki guda mai farko da ƙarshe ya yaɗu a tsakanin mawaƙa. Kaset ya zo daga kamfanin Philips a 1963, faifan CD kuma a 1982. Girman abin ɗaukar sautin ne ya yanke wa kundi tsawonsa, ba wata hikima ta mawaƙa ba.

Akwai manyan mawaƙa da wannan ma'auni bai taɓa dacewa da su ba. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, mutanenta sun san ta ne ta wasan da take yi ranar Alhamis ta farkon kowane wata ana watsawa ta rediyo, kuma waƙa ɗaya takan kai awa guda a bakinta tana juya baiti yadda masu sauraro suka nema. Fela Kuti yakan cika fuskar faifai da waƙa ɗaya tak, kuma an san shi da cewa idan ya ɗauki waƙa a faifai ba ya komawa ya rera ta a dandali. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1999, a gaban jama'a yake gina waƙarsa tare da makaɗan kalangu da 'yan amshinsa, kuma waƙa ɗaya idan ya yi ta a wuri biyu ba za ta fito iri ɗaya ba. Wanda yake da kaset ɗaya na Shata, me ya mallaka? Ya mallaki dare ɗaya ne daga cikin darare masu yawa, kuma wanda yake da kaset 50 shi ma bai ƙure shi ba.

Don haka kada mai kundi ɗaya ya ga kamar ya gaza, kada kuma mai tari ya ga kamar ya kammala. A zamanin da muke aiki, mun ga mutanen da ba su mallaki ko faifai ɗaya ba, amma sun fi masu faya-fayan sanin mawaƙin, saboda kunnensu yana kan rediyo kullum.

Autan Zaure:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni a cikin waɗanda suka taso da waya a hannu nake, kuma ina ganin matsalar ba ta tafi ba, kamanni kawai ta sauya. Tun da kantin iTunes ya fara sayar da waƙa ɗaiɗai a 2003, sannan Spotify ya zo a 2008 da tsarin sauraro ba tare da mallaka ba, duk aikin mawaƙi yana gabanmu a lokaci guda, babu abin da ya rage sai taɓawa. Duk da haka yawancinmu ba ma kai wa ga kundi ɗaya cikakke, waƙa biyu ko uku muke ɗauka mu zuba a jerinmu mu wuce. Wannan ya nuna cewa Malam Mai Garmaho ya yi gaskiya da ya ce ba kuɗi ba ne kuma ba wahalar samu ba ce. An cire waɗannan shingaye biyu gaba ɗaya, amma halin yana nan.

Har ma ina ganin manhajojin suna ƙarfafa shi, domin idan ka buɗe shafin mawaƙi, waƙoƙin da aka fi saurara su ake jera maka a sama, su kuma saboda suna sama sai a ƙara sauraronsu. Tacewar da Malamin Lissafi ya bayyana yanzu na'ura ce take yin ta, kuma ta fi ɗan Adam sauri.

Malamin Lissafi:

Ƙanena, ka kawo hujja mai ƙarfi, kuma tana goyon bayan Hajiya Uwar Biyu fiye da yadda take goyon bayana. Idan an cire kuɗi da wahala amma mutane ba su ƙara ba, to abin da yake da iyaka shi ne lokaci da natsuwa. Kundi ba ya buɗe wa mutum a ji ɗaya, sai an maimaita, kuma awannin da mutum zai iya bayarwa ga irin wannan maimaici ƙididdigaggu ne. Wanda yake ƙaunar mawaƙa 30 ba zai iya yi wa kowannensu zurfin da ya yi wa kundin farko ba, dole ya zaɓa tsakanin ya nutsa a wurin mutum ɗaya ko ya ɗebi mafi kyau daga wurin mutane da yawa. Mafi yawanmu na biyun muke zaɓa ba tare da mun zauna mun yanke shawara ba.

Uwar Biyu:

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wanda nake ganin da yawa suna ji amma ba sa faɗa, wato tsoro. Idan aiki ya kai wani matsayi a zuciyar mutum, yakan ji fargabar ya ji mai aikin a ranar da bai yi ƙoƙari ba, ko ya ji shi yana maimaita dabarar da a da ya ɗauka wahayi ce ta lokaci ɗaya. Da zarar ka ji salon nan a kundi na biyu da na uku, sai ka gane cewa hanya ce da mawaƙin ya saba bi, kuma idan ka koma na farkon ba za ka sake jin sa da kunnen da ba. Ni na san wannan ne yake tsayar da ni, kuma ban ɗauke shi aibi ba, domin abin da nake karewa yana da daraja a wurina.

Ɗalibar Tarihi:

Hajiya, na fahimce ki, kuma ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Amma abin yana iya zuwa ta ɗaya fuskar. Wanda ya san Ali Farka Toure ta aikinsa da Ry Cooder kaɗai, idan ya saurari In the Heart of the Moon na 2005, inda ya zauna da Toumani Diabate mai kaɗa kora, wato wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, zai ji yadda yake ja da baya yana ba tsirkiyoyin korar fili, yana riƙe musu ƙasa da jitarsa ba tare da ya nemi ya yi fice ba. Wannan hali nasa yana nan a kundin 1994 ma, amma ba a cika lura da shi ba sai an ji shi tare da wani abokin kiɗan dabam. Ya rasu a watan Maris na 2006, kuma kundinsa Savane ya fito bayan rasuwar a cikin wannan shekarar, wanda ya yi shi yana fama da rashin lafiya. Ina ganin mutumin da ya ci gaba da aiki a irin wannan hali ya cancanci wanda yake kiran kansa masoyinsa ya ba aikin nasa na ƙarshe ko da zama ɗaya ne, in ya so bayan nan ya koma ga wanda ya saba da shi.